Sunan da Kakata Ta Ƙi Faɗa a Ikko

Ranar nan na raka jikata tashar mota, sai wani mai lemo ya hau yankan ɓawo kusa da ni, daidai lokacin da wata tsohuwar mota ta turnuƙe mu da hayaƙin gas. Warin nan biyu suka haɗu a hancina, kawai sai na ji raina ya ɓaci. Yarinyar ta tambaye ni ko wani ne ya taka ni, na ce mata babu kowa. Ta yaya zan gaya mata cewa haushin sama da shekara hamsin ne ya taso mini? Haka tashar jirgin ƙasa ta Ikko take wari ranar da muka sauka ni da kakata, kuma in gaya muku gaskiya, har yau ban huce ba.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a gefen Tsanyawa, inda gona take manne da gona, ba ka samun ƙasa ko tafin hannu wadda ba ta da mai ita. Gonarmu tana bayan gida, da itacen gawo uku a tsakiyarta. Tun kakan kakana ake zuba mata taki, da na awaki da tokar murhu da wanda jakuna suke ɗaukowa daga birni, har ƙasarta ta yi baƙi ta yi laushi. In damina ta yi kyau, mutum yakan shiga dawar nan a kan jaki ba a hango hularsa. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu, ba mu da wata.

Sai aka yi farin nan shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma daga baya suka gaji suka tafi. Muka cinye irin shuka, muka koma tafasa da rama da dusa. Ƙanina mai bi mini cikinsa ya kumbura, gashin kansa ya yi ja, ya daina ma kuka. Ina da shekara goma a lokacin, na isa in san abin da shirun yaro yake nufi.

A cikin wannan hali wani Alhaji mai awo ya fara zagaya ƙauyuka yana sayen gonaki da hatsi, wai taimako yake yi. Ya taya gonarmu buhun dawa huɗu. Buhu huɗu, a gonar da take ba da damin da ba ya ƙirguwa da yatsun hannu da na ƙafa! Babana ya kusa sallamawa, don ba shi da abin da zai kalla sai cikin ƙanina. Kakata ce ta tsaya ta ce ba a isa ba. Gonar gado ce ba a raba ba, kuma babana yana da wa a Ikko wanda aka ce yana da ɗan hali. Wasiƙa kuwa takan fi wata a hanya. Aka roƙi Alhaji ya jira kasuwa biyu, wato mako biyu, ya yarda da kyar, ya ce ranar kasuwa ta biyu in ba a sallama ba zai kai dawarsa wani gida. Babana kurkunu ya kama masa ƙafa, da sanda yake ɗingishi. Kakata ta sayar da akuyar da ta rage mata, ta ce ita za ta je, ni kuma in riƙe mata ƙunshi.

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin wan baban nawa, don a kansa komai ya rataya. Shi ne ɗan farin kakata, kuma kun san yadda matan da suke da ɗan fari: ba sa faɗin sunansa, ba sa yi masa magana kai tsaye, ba sa ko kallonsa a gaban mutane. Ƙari a kan haka, sunan surukinta aka mayar masa, kunya ta zama biyu. Saboda haka duk gidan babu mai kama sunan. Babana yakan ce Yaya, innata ta ce yayansu, mu yara mu ce Baba na Ikko, kakata kuwa in ta matsu sai ta ce wancan. Ya bar gida ina goye. Wallahi har na kai shekara goma ban taɓa jin sunansa ba, ban kuma taɓa tunanin in tambaya ba.

Malamin unguwarmu ya kwafo sunan da kwatancen wurin daga wata tsohuwar wasiƙa, ya rubuta a takarda da tawadarsa ta allo. Kakata ta naɗe ta, ta tura a lalita, ta ɗaure a ƙugu a kan fatar jikinta don kada ɓarayin jirgi su gani.

Kafin a sayar da akuya, mu isa Kano, mu jira ranar jirgi, kwana biyar sun tafi. Muka shiga taragon talakawa mai bencin katako, mutane cunkus har kan hanya, ga kaji, ga buhuna, ga jarirai. Kakata ta zauna a takure ba ta ko jingina, hannunta ɗaya a kan ƙugu. Da muka zo gadar babban kogi ta runtse ido tana salati har muka haye. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ƙasa take ƙara kore muna ƙara yin kudu. A wani wuri ma muka ga ruwan sama yana zuba kamar da bakin ƙwarya a kan dajin da babu mai noma shi. Kakata ta ce Allah mai iko. Ni haushi na ji, na juya wa tagar baya. Zafin kuma ya canza, ya zama mai danƙo, gumi yana bin jiki ba ya bushewa. Wata Bayarabiya da ke gefenmu ta lura ba mu ci komai ba sai ƙuli, ta yanka mana lemo biyu ta miƙo.

Da hantsi muka shiga Ikko. Tun kafin jirgi ya tsaya mutane suka fara dirowa, wasu suna cusa kai ta taga suna fizgar kaya. Muka fito cikin wani irin taro da ban taɓa gani ba ko a ranar idi, kowa yana sauri, kowa yana ihu da yaren da ban sani ba, babu mai sallama, babu mai kallon wani. Ga motoci suna ta ƙaho, ga gidaje an ɗora wani kan wani, ga ruwa shimfiɗe a gefe iya ganinka. Na riƙe gefen zanen kakata har yatsuna suka yi ciwo. Ita da take taka ƙasa a ƙauyenmu kowa yana kaucewa, sai na ga ta zama 'yar mitsitsiya, ana bangazar ta hagu da dama.

Muka ji wasu 'yan dako suna Hausa, muka nufe su kamar mun ga 'yan uwa. Kakata ta juya baya ta kwance lalita, ta zaro takarda. Gumin kwana biyu ya gama da ita. Tawadar allo ai don a wanke aka yi ta. Babu ko harafi ɗaya, sai wani dabbare-dabbaren toka-toka. Babban cikinsu ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Iya, wannan ai cikinki ya riga ya shanye rubutun. Ba komai, faɗi sunansa, in dai Bahaushe ne a nan kusa za a san shi."

Kakata ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce dogo ne, baƙi, mutumin wajen Tsanyawa. Suka ce mata a Ikko kowa ɗan Kano ne, dogaye baƙaƙe kuwa sun fi dubu. Suka juyo kaina, na ce Baba na Ikko muke ce masa. Suka fashe da dariya har ɗaya yana riƙe ciki. Da suka gane ɗan fari ne, sai suka mai da abin wasa, wannan ya jefo suna, wancan ya jefo, suna leƙa fuskarta suna tafi. Na ga lokacin da idonta ya kaɗa ya yi ja. Wanda ya san kakata ya san an gama, don mace ce da in aka yi mata dariya a kan abu, ko za a yanka ta ba za ta sake shi ba. Allah ya isa tsakanina da 'yan dakon nan, ko da yake na san yawancinsu yanzu suna ƙasa.

Wata mai tuwo Bazazzagiya da ke da rumfa a unguwar Hausawa ta bayan tasha ita ta ji tausayinmu, ta ba mu gefen ɗakinta. Ni ina yi mata wanke-wanke, kakata kuma ta fito da tata dabarar. Kullum da safe sai ta shimfiɗa buhu a bakin titi ta zauna tana duban fuskokin maza, wai uwa ba ta kasa gane ɗanta. Ku ji fa, a garin da mutanen da suke wucewa cikin sa'a ɗaya sun fi ƙauyenmu da na kusa da mu yawa. Tun safe har rana ta faɗi tana nan, hayaƙin mota yana shiga idonta, tana ɗaga kai duk lokacin da dogon mutum ya gifta.

Mai tuwo ta yi lallashi ta gaji. Ta ce ta raɗa mata a kunne, su biyu mata, babu mai ji. Kakata ta buɗe baki ta rufe, ta ce harshenta ba zai iya ba. Wani dattijo da ake kai wa ƙarar baƙi a unguwar ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce zai riƙa jero sunaye a hankali, in ya faɗo ta yi tari kawai. Ta ce ishara ma ai faɗa ce. Dattijon ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku.

Ni kuwa ina cin tuwon shinkafa da miyar taushe har in ture. Ina ci ina ganin cikin ƙanina. Ina lissafin ranar kasuwa da yatsu, ina sake lissafawa ko zan samu kwana ɗaya da ya ɓuya.

Ran kwana na huɗu da safe muka ji jirgi ya yi kuka ya ja. Mai tuwo ta ce na Arewa ke nan, sai kuma jibi. Ban san lokacin da na yar da kwanon da nake wankewa ba. Na je bakin titi na tsaya a kan kakata. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, amma abin da na yi ba wasa ba ne. Na ce, "Iya, kunyar taki za mu dafa mu ci? Ƙanina zai mutu, gona za ta tafi, ke kina nan kina gadin suna. In kin koma da sunan naki sai ki shuka shi."

Ta kwaɗa mini mari, irin wanda ake ganin wuta. Ban yi kuka ba, na tsaya ina kallon ta. Ita ma ta daɗe tana kallona. Can ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta nufi rumfar da dattawa suke zama. Na bi ta. Ta tsaya a gaban maza sun fi goma, ta sauke mayafi daga bakinta, ta faɗi sunan. A hankali ta faɗa ba su ji ba, sai da suka sa ta maimaita. Ta sake faɗa da ƙarfi, ta haɗa da sunan mijinta, wanda shi ma ba ta taɓa kamawa ba.

Ba ta rufe baki ba mutum uku suka ce, "Ai mai albasa ne!" Rumfarsa tana bayan masallaci. Da za ka jefa dutse daga inda kakata ta kwana uku tana zama, da ya faɗa kan buhunansa, sai dai shi ta wata hanyar yake shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi daga bakinsa: tun kwana na biyu labari ya kai masa cewa wata tsohuwa Bakanuwa ta zo neman ɗa babu suna, ya yi dariya tare da kowa ya ci gaba da awonsa.

Ya zo a guje ba ko takalmi, ya zube a gabanta yana gaisuwa hawaye na zuba. Kuna tsammanin ta rungume shi? Kai ta kawar, ta dube ni ta ce, "Gaya masa za a sayar da gonar ubansa." Yana durƙushe a gabanta, numfashinsa yana taɓa ƙafarta, amma sai da saƙon ya bi ta bakina.

Bai yi wata-wata ba. Ya bar rumfa a hannun maƙwabcinsa, ya haɗa abin da zai iya haɗawa, da buhun garin kwaki biyu. Amma jirgi ba ya tashi don mutum yana sauri. Sai jibin da mai tuwo ta faɗa muka hau, kuma a hanya ya tsaya a wani daji rabin yini ba wanda ya gaya mana dalili. A Kano muka kwana ranar kasuwa ta biyu. Washegari da hantsi motar katako ta sauke mu a bakin hanyar ƙauyenmu.

Ba sai an gaya mana ba. Daga nesa muka hango jakunan da ba namu ba a ƙarƙashin gawo, da mutanen Alhaji suna dasa gamba a kan iyaka. Kakata ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da tafiya ba ta sake duban wajen ba.

Babana yana zaune a zaure, ƙafa a miƙe. Ya ce jiya tun safe ya ɗingisa zuwa bakin hanya yana duba duk motar da ta tsaya, har aka kira la'asar. Ƙanina ya kwana biyu bai haɗiyi komai ba. Da la'asar ta yi sai ya aika aka kira shaidu. Wansa ya wuce gidan Alhaji da ƙurar tafiya a jikinsa, ya ce zai mayar da dawar ninki biyu. Alhaji ya sa aka kawo masa ruwa, ya yi masa barka da zuwa, yana jan carbi ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu, shi kuma ba ya wasa da shari'a. Na ga mutane da yawa masu tsoron Allah a rayuwata, na kuma ga masu tsoron asara suna kiran abin tsoron Allah.

Don kada in yi zalunci, ƙanina ya rayu, kuma da kunun dawar nan ya tashi. Yau yana da jikoki. Shi ya sa ban taɓa iya ɗora wa babana laifi ba, ko da yake na so in samu wanda zan ɗora wa duka in huta. Kakata ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ba ta sake kama sunan nan ba, ba ta taɓa tayar da zancen Ikko ba, ba ta kuma taɓa ce mini na yi mata rashin kunya ba. Hanyar rijiya kawai ta canza, ta riƙa yin dogon zagaye ta bayan makabarta da tulu a ka, don kada ta bi ta gefen gonar. Ina son ta, har gobe ina yi mata addu'a, kuma har gobe ina jin haushinta. Kwana ɗaya tak muka makara, ita kuwa ta zauna a kan kwana uku.

Da na haifi ɗana na fari, ranar suna, ana sanarwa daga zaure na maimaita sunan da ƙarfi a tsakar gida. Mata suka riƙe baki, surukata ta ce an kawo musu marar ta-ido. Ban ba kowa haƙuri ba.

Yanzu in an zauna a gidan biki, sa'o'ina sukan yi ta jimamin cewa kunya ta ƙare, matan yanzu suna kiran 'ya'yan fari gatsal kamar suna kiran kaza. Wani abin da suke faɗa gaskiya ne, an yi asarar abubuwa masu kyau, ni ma ina gani. Amma ba na sa musu baki. Gonar nan yau an yanka ta filaye, an sare gawon, ana buga bulo a wurin, kuma a zuriyar kakata babu mai ko kunya ɗaya ta noma a ƙauyen. Suna magana, ni kuwa abin da nake gani daminar da ta biyo bayan farin ce. Ruwa ya sauka kamar ba a taɓa yin fari ba, dawa ta tashi a gonar ta yi baƙi ƙirin, babana kuma ya shiga cikin 'yan ƙwadagon da Alhaji ya ɗauka su nome ta. Ranar farko da innata ta aike ni in kai masa fura, na kutsa kai tsaye ta cikin kunyoyi kamar yadda na saba tun ina rarrafe. Ya ɗago daga kan fartanya ya daka mini tsawa, ya ce in koma in ajiye a bakin iyaka, kada in taka wa mutane shuka.